Babi na Shida: Marsandi S-Class W220 Idan Ta Tsufa

Kamfanin Mercedes-Benz ya fara ƙera S-Class samfurin W220 a shekarar 1998 a masana'antarsa ta Sindelfingen, kusa da birnin Stuttgart na ƙasar Jamus, ya kuma daina ƙera ta a 2005 bayan ya fitar da kusan guda 485,000. Ita ce ta gaji W140, ƙatuwar Marsandin nan mai faɗin ƙirji wadda aka daɗe ana kuka da nauyinta da shan manta. Magajiyar ta zo da siririn jiki da raguwar nauyi, aka kuma ɗura mata na'urorin da ba a saba gani a mota ba a wancan zamani: ƙafafu masu hawa kan iska, ƙofofi masu jan kansu su rufe, kujeru masu fanka a ciki, da kwamfutoci birjik da ke magana da juna ta waya. Sabuwar S500 ta haura dala 70,000 a Amurka a shekarar 2000. Yau, bayan shekara ashirin da ɗoriya, sau da yawa akan same ta a hannun dillalai a Kwatano ko Legas ko Kano a kan kuɗin da ba zai sayi ƙaramar Toyota mai lafiya ba. Farashinta ya faɗi warwas, amma kayan gyaranta suna nan da tsadarsu, domin har gobe kayan motar attajirai ne.

Wanda ya bi tarihin lalacewar wannan mota zai ga abu ɗaya yana maimaituwa. Manyan sassanta, wato inji da giya, ƙarfafa ne, ba kasafai suke mutuwa da kansu ba. Kusan kullum wani ɗan ƙaramin abu mai araha ne, zoben roba ko magudanar ruwa ko guntun leda, yake lalacewa a ƙyale shi, shi kuma ya ja babban abu mai tsada su faɗi tare.

Ƙafafun iska

Abin da aka fi sanin W220 da shi a gareji shi ne durƙushewa. Mai ita zai ajiye ta da dare lafiya lau, gari ya waye ya tarar gabanta ya kwanta a kan tayoyi kamar raƙumi ya gurfana. Dalili kuwa shi ne motar ba ta da sifirin na ƙarfe irin na sauran motoci. Tsarin da kamfanin ya kira AIRMATIC ya ɗora ta ne a kan jakunkunan roba huɗu cike da iska, kowace jaka haɗe da shokazobarta a jiki ɗaya. Akwai kwamfireso a bayan bambar gaba, ɓangaren dama kusa da taya, wanda ke hura iskar. Akwai tankin ajiyar iska, da akwatin bawul mai rarraba ta zuwa kowace ƙafa, da na'urorin auna tsayi masu gaya wa kwamfuta ko motar ta sunkuya. In ana gudu sosai a babbar hanya motar kan rage tsayinta da kanta, in kuma hanya ta yi muni akwai maɓallin da direba zai danna ta ɗan ɗaga.

Roba ba ta shekara ashirin ba ta tsage ba. Jakar kan yi ƙananan tsaga a inda take naɗewa, sannan murfin saman ƙafafun gaba, wanda ake gani in an buɗe bonet, shi ma kan fashe ya riƙa sakin iska. Da farko yoyon kaɗan ne, motar kan sauka cikin kwana biyu ko uku, in aka tayar da ita ta miƙe, mai ita ya ce ai ba komai. A nan ɓarnar take farawa. An yi kwamfireson ne don ya yi aiki na ɗan lokaci ya huta. In akwai yoyo sai ya dinga aiki ba hutu, ya yi zafi, zoben fistin ɗinsa ya cinye, ƙarshe ya ƙone. Wani lokacin kuma ɗan rilen da ke kunna shi ne yake maƙalewa, ya bar shi yana ta gurnani ko an zare mukulli, har ya ƙone ya kuma shanye batir. Shi ya sa ƙwararren bakanike ba ya sa sabon kwamfireso sai ya canja rilen tare da shi, kuma ba ya sa shi sai ya gano inda iskar ke fita. Wanda ya sa sabon kwamfireso a motar da ke yoyo, kuɗinsa ya zuba a rariya, don wata kaɗan zai dawo neman wani.

Gano yoyon ba ya bukatar wata na'ura mai tsada. Ana auna tsayin motar daga ƙasa zuwa bakin kowace taya da yamma, a sake aunawa da safe. In kusurwa ɗaya ce ta sauka, zargi yana kan ƙafar nan ko bututunta. In duk motar ce, sai a duba akwatin bawul. Ruwan sabulu da aka yayyafa a saman ƙafa da mahaɗar bututu kan nuna wurin da kumfa. Idan jan rubutu ya fito a dashbod cewa motar ta yi ƙasa da yawa, tsayawa ya wajaba, domin juya sitiyari a wannan hali kan sa taya ta ci fenda. Haka kuma in an ɗaga motar a jak jakunkunan babu iska, ba a sauke ta gaba ɗaya sai an tayar da inji sun cika, in ba haka ba robar na iya naɗewa a karkace ta yage.

Masu motar da yawa, musamman a inda hanyoyi ke da ramuka, sukan gaji su cire tsarin iskar baki ɗaya su sa sifirin na ƙarfe. Akwai kamfanonin da ke yin kayan wannan juyi daidai da motar, har da ɗan abin da ke kashe gargaɗin dashbod. Juyin yana kawo kwanciyar hankali, amma yana tafiya da laushin nan da aka sayi motar dominsa. In za a yi, to a yi da kayan da aka auna wa nauyinta. Yanko sifirin na wata mota a haɗa da walda, kamar yadda wasu ke yi, kan bar motar tana rawa a kwana kuma tana cin taya.

S600 da S55 AMG, da wasu S500 da masu su suka biya ƙari, ba iska suke hawa ba. Nasu tsarin, mai suna ABC, mai ne ake turawa cikin ƙafafun da matsin da ya kai kusan bar 200. Mai na musamman yake sha, koren nan Pentosin CHF 11S, kuma zuba masa man giya ko wani man da aka samu a gefen hanya kan lalata famfo da bawul. Tulunan gas da ke rage masa girgiza sukan mutu da tsufa, in sun mutu bututu ke ɗaukar dukan har ya fashe. Gyaran ABC ya ninka na AIRMATIC tsada, kuma masu iya shi ba su da yawa.

Sauran ƙafar, wato boljoyin da bushin na hannuwan gaba da faifan roba na furofela, lalacewarsu irin ta kowace mota mai nauyi ce: ƙara a kan gargada, rawar sitiyari, cin taya gefe ɗaya. Ana canja su bibbiyu, dama da hagu, a yi alayimen.

Ruwa da lantarki

A ƙarƙashin bonet, gindin gilashin gaba ta ɓangaren fasinja, akwai akwatin da iyakwandishan ke jawo iska ta cikinsa. Ruwan sama da na wanki suna shiga nan, su fita ta wata 'yar magudana mai harshen roba a ƙasan akwatin. Ganye da ƙura sukan toshe ta. In ta toshe, ruwa ya taru ya tsallaka ta fankar iyakwandishan ya zubo a ƙafar fasinja, ya shige ƙarƙashin kafet. Kafet ɗin wannan mota yana da soso mai kauri a ƙasa, don haka samansa kan kasance a bushe alhali ƙasansa tafki ne. Kuma a nan ne manyan wayoyin motar suka bi, har zuwa ƙarƙashin kujerar baya inda ɗaya daga cikin akwatunan rarraba wuta yake, waɗanda ake kira SAM.

Abin da ke biyo baya kan rikita wanda bai san motar ba. Fitilu su kama da kansu, gejin mai ya yi ƙarya, gilashi ya ƙi sauka, waifa ta tashi ba wanda ya taɓa ta, batir ya mutu cikin dare. Mai wayarin da bai ɗaga kafet ba zai yi ta yanke-yanke da haɗe-haɗe, ya yi gyaran gangar Auzinawa. Duk wannan kuwa tsinke ɗaya da aka zura aka share magudanar kafin damina zai hana shi. A yankin Sahel, inda ƙurar hunturu ke kwanciya wata da watanni sannan ruwan farko ya zo da ƙarfi, laka ce ke toshe ta fiye da ganye. Magudanan rufin sama mai buɗewa su ma haka suke, sai dai su nasu ruwan ta ginshiƙan gefe yake gangarowa.

Batirin motar a but yake, kuma motar ba ta jure raunin batir. Da wuta ta yi ƙasa sai gargaɗi iri-iri su cika dashbod, har a zaci manyan na'urori ne suka mutu. Akwai al'adu biyu na gareji da ke kashe kwamfutocinta nan take. Ɗaya ita ce cire kan batir inji na aiki don a gwada ko caji na yi. Ɗayar ita ce yin walda a jikin motar ba a cire batir ba. Tsohuwar Fijo ta jure wannan, W220 ba ta jurewa. Idan kuwa batir mai kyau ne amma yana mutuwa bayan kwana biyu a ajiye, to wata kwamfuta ce ta ƙi yin barci, galibi ta kujera ko ta rediyo, kuma ana gano ta da mita, ana zare fis ɗaya bayan ɗaya.

A gefen hagu na but akwai wani famfon iska dabam, wanda ba shi da alaƙa da ƙafafu. Shi ke kulle ƙofofi, shi ke jan su su rufe, shi ke hura matashin bayan kujera. In bututu ɗaya ya tsage, famfon kan yi aiki fiye da ƙima, sai ya kashe wannan sashe don ya tsira. Zare fis ɗinsa a mayar kan dawo da aikin na ɗan lokaci, amma sai an toshe yoyon ake rabuwa da matsalar. Allon mita ma kan yi duhu gaba ɗaya a motocin shekarun farko, kuma gyaruwa yake yi a hannun mai gyaran lantarki, ba lallai a sayi wani ba. Rediyo da abin CD da amfilifaya da tarho kuwa a zobe ɗaya suke, na wayar gilashi mai ɗaukar haske. Ɗaya ya mutu, duk sauti ya ɗauke.

Giya

Yawancin W220 suna ɗauke da giya mai canja kanta mai hawa biyar, wadda makanikai suka sani da lambarta, 722.6. Daga 2003 wasu masu silinda takwas suka koma mai hawa bakwai. Mai hawa biyar ɗin tana cikin giyoyi mafi ƙarko da kamfanin ya taɓa yi, amma an cuce ta tun daga masana'anta da aka ce manta na har abada ne, ba a canjawa. Ko sandar auna mai ba a sa mata ba, sai murfi mai hatimi a bakin bututun. Daga baya kamfanin da kansa ya koma ba da shawarar canja man. Masu kula da motar sukan canja shi da matatarsa wajen kowane kilomita 60,000, da man da ya dace da ƙa'idar kamfanin, 236.10 ko 236.14. Ana auna yawansa da sanda ta musamman lokacin da ya yi zafin digiri 80. Zuba shi da ka, ko zuba jan man da aka samu a kowane shago, shi ne mafarin fizga da zamewa.

Ga misalin ƙaramin abu mai jawo babba. A gefen giyar akwai soket mai ƙafa 13 inda wayoyi ke shiga, da zobban roba biyu masu hana mai fita. In zobban suka tsufa, man ba ɗiga ƙasa kawai yake yi ba. Yakan bi cikin wayar yana hawa kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, har ya isa kwamfutar giyar ya jiƙa ta. Soket ɗin kansa yana cikin kaya mafi araha a duk motar. Sai kuma farantin lantarki da ke cikin giyar, mai ɗauke da na'urorin auna gudu. In ya lalace motar kan maƙale a giya ta biyu ta ƙi canjawa. Wannan dabara ce ta kare kai da aka gina mata don ta lallaɓa ta kai gareji. Giyoyi masu lafiya da yawa an sauke su an jefar saboda wannan alama, alhali kwance kaskon ƙasa a canja farantin ya isa.

Wata matsalar da ta zama tambarin W220 ita ce sandar giya ta ƙi fita daga P. Wani ɗan makulli ne na leda a cikin akwatin sandar yake karyewa. Ana sayar da madadinsa na alminiyam, wanda ba ya sake karyewa.

Inji

Injinan fetur da aka fi samu su ne M112 mai silinda shida, a S320 da S350, da M113 mai silinda takwas, a S430 da S500. 'Yan gida ɗaya ne: jikin alminiyam, sarƙa a maimakon bel ɗin tayimin, bawul uku da fulogi biyu a kowace silinda. Wato mai shida tana cin fulogi 12, mai takwas 16, abin da kan ba sabon mai motar mamaki ranar sabis na farko. In ana yi musu juye a kan lokaci da baƙin mai mai kyau, kusan lita 8, suna yin ɗaruruwan dubban kilomita ba a buɗe su ba.

Laifuffukansu sanannu ne. Na'urar da ke karanta juyawar karanshaf kan mutu ta hanya mai ruɗi: mota na tafiya ta yi zafi sai ta mutu, a yi ta tadawa ta ƙi, bayan rabin awa ta huce ta tashi kamar ba abin da ya faru. Sau da yawa famfon fetur ake ɗora wa laifin. Fulin gaban inji, mai roba tsakanin ƙarfe biyu, kan rabu a motocin shekarun farko, in ba a lura ba ya goge murfin gaban inji ya huda shi. Gaskit ɗin murfin bawul da robobin gidan matatar mai kan yi yoyo, man ya ɗiga a kan salansa ya yi ƙauri. Na'urar auna iskar da ke shiga inji kan ƙazantu, musamman inda ƙura ta yi yawa kuma ake kaɗe matatar iska a mayar maimakon a canja ta, sai mota ta rasa ƙarfi ta ƙara shan mai. Mazaunan injin masu ruwa ne a ciki, in sun fashe inji ya zauna, girgiza ta shigo har sitiyari. Matatar hayaƙin salansa, wadda makanikan Najeriya ke kira indomi saboda kamannin cikinta, kan farfashe ta riƙa ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, kuma yawanci fulogi ko kwayil da suka daɗe da mutuwa ne suka tura mata ɗanyen fetur ya ƙona ta.

S600 mai silinda goma sha biyu wani babi ne dabam. Fulogi 24 gare ta, kwayil ɗinta kuma dogayen sanduna biyu ne, kowacce na ɗaukar silinda shida, don haka in ɗaya ta samu matsala duk sandar ake saye.

Zafi shi ne abin da ya fi kashe waɗannan injina a ƙasashe masu rana. Lagireto da tulun ruwa duk suna da sassan leda da ke bushewa su tsage, fankar kuma ta lantarki ce mai na'urar sarrafa gudu. Al'adar da ta yaɗu a garejin Afirka ta Yamma ita ce a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai don an yi motar ne domin ƙasar sanyi. Tamostat ɗin yana buɗewa ne a digiri 87, kuma a wajen wannan zafi aka tsara injin ya yi aiki ko a Jamus ko a Agadas. In aka cire shi, inji kan daɗe bai ɗumama ba, kwamfuta ta ci gaba da ƙara masa fetur, fetur ɗin ya wanke man jikin silinda. Zuba ruwan rijiya zalla a lagireto kuwa yana cin alminiyam daga ciki ya toshe hanyoyin ruwa da gishiri. Injin alminiyam in ya tafasa sau ɗaya da kyau, kan silinda na iya lanƙwashewa.

Tsatsa

W220 ta shekarun farko, kafin gyaran fuskar da aka yi mata a 2002, ta yi ƙaurin suna wajen tsatsa, abin da ya zubar wa kamfanin mutunci a idon tsofaffin abokan cinikinsa. Takan fito a bakin tayoyi, da ƙasan ƙofofi, da murfin but. Motar da ta yi rayuwarta a Jamus ko Kanada ko arewacin Amurka, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, takan iso da ita a ɓoye ƙarƙashin sabon fenti. Busasshiyar iska tana rage mata gudu, amma ba ta mayar da ƙarfen da ya riga ya ciwu. Maganaɗisu kan tona inda aka cike da foti, sai dai ba a gwada shi a bonet, domin na alminiyam ne. Abin da ya fi fenti muhimmanci shi ne a shiga ƙarƙashi a duba bututun birki da wuraren kafa jak.

Bincike kafin kwance

Ƙaramar na'urar bincike da ake sayarwa ko'ina tana karanta kwamfutar inji ne kawai. Ƙafafun iska da giya da akwatunan SAM da iyakwandishan ba sa buɗe mata baki. Su sai na'urar kamfanin, wadda ake kira Star, ko wata mai irin ƙarfinta. Da ita ake ganin matsin da kwamfireso ke bayarwa, a hura ko a sace kowace ƙafa ita kaɗai, a gane wace kwamfuta ce ta daina amsawa. Da ita kuma ake gabatar da wasu sababbin kaya ga motar kafin su yi aiki. Mukulli ma haka yake: ta hasken da ido ba ya gani yake magana da mazauninsa, kuma ba a yanka shi a kasuwa, don haka motar da ta zo da mukulli ɗaya tak tana ɗauke da wani kashe kuɗin a gaba.

Kayan gyara na hannu suna samuwa a Ladipo ta Legas, da Ƙofar Ruwa ta Kano, da Panteka ta Kaduna, kuma ga ƙarfe irin su ƙofa ko giya ko inji sukan yi amfani. Ga kayan roba kuwa lissafin ya sha bamban, domin jakar iska ko mazaunin injin da aka ciro daga motar 2001 shekarunsa ɗaya da wanda ya mutu. Irin waɗannan sababbi ake saye. Cikin dukan jerin W220, wadda ta fi sauƙin riƙewa ita ce S350 ko S500 ta 2003 zuwa 2005, mai ƙafafun iska ba ABC ba, mai mukulli biyu, wadda aka ɗaga kafet ɗinta aka tarar ƙasansa a bushe.